Haƙorin Giya ta Uku

Da safe Bakanike ya buɗe rumfarsa, ya yaye buhun da ya rufe teburin aiki da shi, sai ya ga gurbi. Giyabos ɗin motar Babanmu, wato akwatin giyarta, yana nan a warware, kowane ƙarfe a jere a kan kwali yadda ya bar su jiya, amma haƙorin giya ta uku da zoben tagullarsa sun yi ɓatan dabo. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa lau, ba wanda ya taɓa shi da guduma.

Ina shagona ina yankan yadi aka kira ni a waya. Ban san lokacin da na yar da almakashi ba, mayafi ma a hanya na gyara shi.

Kada ku ce mace ta haukace a kan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba, ku tsaya ku ji. Baba direba ne tun kafin a haife ni. Giya Biyar ake ce masa a gareji, saboda duk tsawon tuƙinsa ba wanda ya taɓa jin giya ta yi gurnani a hannunsa. Motarsa tsohuwa ce mai turbo, giyar hannu, in ta ɗau hanya sai ka ji wani siririn fito daga cikin injin, shi ya sa muke ce mata Mai Fito. Ranar da giya ta uku ta karye aka turo ta gareji, Baba ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida ya zauna, kuma zaman nan bai ƙare ba. Ya rame, ya daina raha, tafiya ma sai a hankali yana dafa bango, muka ce yawan zama ne ya sandarar masa da jiki. In na dame shi da magana sai ya ce, "Auta, ranar da Mai Fito ta tashi, ni ma zan tashi."

Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Kamfanin ya daɗe da daina ƙera irin giyabos ɗin, don haka babu kasuwar kayan gyaran da ban shiga ba, babu jujin 'yan gwangwan da ban tona ba, har in sun hango ni sai su ce ga Giya ta Uku nan tafe. An kawo mini na motar da ba ta da turbo, haƙoransa ƙanana, bai hau ba. An aiko mini da wani daga ƙasar waje, muka buɗe kwali muka tarar na otomatik ne. Wani ɗan iska ya sayar mini da jabu da ya sha fenti, Bakanike ya goga masa magagari sai ga shi yana zuba kamar sabulu. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu na gaske, a cikin wata mota irinta da ta yi haɗari, yashe a bayan gidan wata tsohuwa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Na yi kuka a gaban kajin nan. Da na kai wa Baba, ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sannu, Auta." Na ɗauka murna ce ta hana shi magana.

Shi ne yau aka wayi gari babu shi.

*

Kafin in isa gareji ya cika. Mai faci, mai walda, mai fenti, kowa da ɓarawonsa a baki. Bakanike yana zaune a bakin rumfa ya dafe kai, ya hana kowa shiga.

Shugaban gareji ya dube ni ya ce, "Makullin rumfar nan biyu ne. Ɗaya yana hannun Bakanike, ɗaya yana rataye a gidanku, tunda Giya Biyar ne ya gina ta. Ni dai ba na zama da mai halin ɓera. In abin nan bai fito ba, wani zai kwashe kayansa."

Kowa ya san wanda ake nufi. Bakanike bai ɗago ba.

Shugaba ne ya aika aka kira Mai Sawu. Dattijo ne siriri, da can shanun sata yake bi a daji, da gari ya cinye dajin ya koma bin babura da injinan ban ruwa. Ba ya kallon fuskar mutum. Yana gaishe ka, idonsa yana kan takalminka.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ya baza yashin nan?"

Bakanike ya ce, "Ni ne. Kullum kafin in rufe sai na zuba sabon yashi a kan baƙin mai, in share shi sumul. Maigida ne ya koya mini tun ina yaronsa." Baba yake nufi.

"Allah ya yi wa Maigida albarka," in ji Mai Sawu, ya cire takalmansa, ya shiga yana raɓe bango.

Ina jira in ga ya nufi tebur, sai na ga ya bi ƙasa da ido har ƙuryar rumfa, inda wata tsohuwar akori-kura take ajiye tana jiran fenti. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya shafa wani abu da yatsa. Haushi ya kama ni.

Na ce, "Malam, ba fa a nan aka yi satar ba!"

"Na sani, 'yata. Ƙafa ce ta kawo ni, ni ma ban so zuwa ba."

Daga nan ya dawo tebur, daga tebur ya fito. A waje sawun ya ɓace cikin na 'yan kallo. Ya yi tsaki ya ce jama'ar gari sun fi garken shanu ɓarna.

*

Maigadin gareji muka fara tambaya. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai runtsa ba, sai dai da gari ya fara haske ya je ya sha shayi, kamar kullum. Mai Sawu ya dubi silifas ɗinsa ya wuce.

Na ce mu tafi wurin Dillali. Shi ne mai shagon kayan gyara a bakin titi, kuma tun ranar da na samo haƙorin yake bina in sayar masa, wai yana da wani mai mota irin tamu da zai ba da ko me aka ce. Muka same shi a kan benci yana sakace.

Na ce, "Fito da shi tun muna mu biyu."

Ya yi dariya. "Haba Auta! In ni na ɗauka, za ki same ni a nan? Da yanzu na kai shi inda ko tsuntsu ba zai gaya miki ba. Wallahi na so abin nan, amma so ba sata ba ne."

Mai Sawu ya ce, "Ɗago ƙafarka ta hagu."

Dillali ya ɗaga yana gunaguni. Dattijon ya duba ƙasan takalmin, ya duba samansa, ya sake shi.

"Babur kake hawa. Giyar babur a sama take cin takalmi, ga shi nan ta ƙoƙe wurin babban yatsa. Wanda nake nema a ƙasa nasa ya cinye, a hagu kaɗai, ya yi santsi kamar bayan cokali. Kuloci ne ke yin haka, kuma ba na shekara ɗaya ko biyu ba."

Dillali ya gyara zama, ya samu bakin magana. "To ki je gida ki tambayi Yayanki. Ya zo nan ba sau ɗaya ba yana tambayata ko 'yan gwangwan za su ɗauki motar a yadda take."

Raina ya ɓaci. Da muka koma ta gareji na gaya wa Bakanike, sai ya jawo tsohon haƙorin da ya karye daga cikin wani gwangwani.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa ba, don kada in haɗa gida faɗa. Wannan ba tsufa ne ya karya shi ba. Tura giya aka yi ba a taka kuloci har ƙasa ba, aka yi ta turawa da ƙarfi. Maigida ba zai yi haka ba ko a mafarki. Na daɗe ina zaton Yayanku ne ya saci tuƙi."

*

Yaya yana ofishinsu. Ban jira an yi mini iso ba.

Ya ce, "Ke lafiyarki? A gaban mutane?"

"A gaban mutane! Kai ka karya wa Baba mota ka yi shiru, yanzu kuma ka sace abin gyaran don ka sayar da ita gwangwan!"

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Auta, ni rabona da giyar hannu tun ranar da Baba ya kore ni daga kujerar direba ya ce ƙafata ta jaki ce. Eh, na tambayi Dillali. Na tambaya saboda motar nan ta cinye ki. Dubi yadda kika koma. Shagonki ya mutu, kina yawo cikin juji kamar mahaukaciya, shi kuma tsohon yana zaune yana kallon titi. Na gaji da ganinku, ku duka biyun."

Mai Sawu ya matso. Ya sunkuya ya dubi takalman Yaya masu sheƙi, ya ce, "Ƙafar hagun nan ba ta taɓa aiki ba. Mu tafi."

A hanya na yi ta lissafi a raina. Ba Dillali ba, ba Yaya ba. Wa ke da makulli, kuma wa ke wuni yana taka kulocin motocin mutane? Amsar ɗaya ce. Mutumin da Baba ya ɗauko ba shi da ko sifana, ya koya masa aiki, ya ba shi rumfa.

Na ce, "Bakanike ne."

Mai Sawu ya ce, "Ba shi ba ne. Ki kai ni in ga inda ake rataye ɗaya makullin."

Baba yana kan kujerarsa a ƙofar gida, ya rufe ƙafafunsa da babbar riga. Suka gaisa. Makullin yana nan a ƙusarsa a zaure, a ƙarƙashinsa kuma takalman fitar Baba a ajiye. Mai Sawu ya ɗan tsaya a wurin, bai taɓa komai ba. Da ya fito sai ya yi abin da ban ga ya yi wa kowa ba tun safe: ya ɗaga kai ya dubi fuskar Baba. Baba ya kawar da ido ya dubi titi.

Da muka yi nisa ya ce, "'Yata, ki bar maganar nan."

"In bar me?"

"Ba kowane sawu ake bi har ƙarshe ba. Ki ce wa Shugaba kin yafe."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Na ce ashe shi ma an saye shi, na ce in tsufa ya kama idonsa ya faɗa, na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa sa'an uba ba. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya huci zuciyata. Ni kuwa na wuce wurin Shugaba kai tsaye na ce a tara kowa da yamma.

*

Aka taru a bakin rumfa: Maigadi, Dillali, Yaya, Bakanike, da duk wanda ke da hannu a baƙin mai. Na matsa sai da Yaya ya ɗauko Baba a motarsa, na ce ya zo ya ga wanda ya ci amanarsa da idonsa. Aka ajiye masa kujera a gaba. Mai Fito tana gefe a kan duwatsu, bakinta a buɗe.

Shugaba ya ce, "To Malam, kai muke saurare."

Mai Sawu ya ce, "Ban ga ɓarawo ba."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Na miƙe na faɗi abin da ya faɗa a shagon Dillali, ƙafar hagu da kuloci, na nuna Bakanike da yatsa. Aka sa ya ɗaga takalminsa, ga shi kuwa ya cinye a hagu. Mai Sawu ya ce girman ba ɗaya ba ne, amma wa ke jin sa? Mai walda ya ce dama shi ya daɗe da zargi. Mai faci ya ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Shugaba ya ce, "Ka ji dai. Ka kwashe kayanka kafin magariba, kuma duk garejin da ka je labari zai riga ka."

Bakanike ya ɗauki akwatin kayan aikinsa. Ya juya wurin Baba, hawaye yana bin fuskarsa, ya ce, "Maigida, kai ma ka yarda?"

Baba ya ce, "Ajiye akwatin nan."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Yaya ya kawo hannu, ya ture shi. Tsakaninsa da tebur babu bangon dafawa, sai fili da yashi. Ya jefa ƙafar dama. Ta hagun ba ta ɗagu ba, jan ta ya yi, ta bi gefe tana zana layi a cikin yashi. Ya sake jefa dama, ya sake jan hagu. Ban taɓa ganin tafiyarsa a fili ba tun da motar ta kwanta, in ba bango yake dafe da shi ba, a zaune nake samunsa, a zaune nake barinsa. Gareji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takalmin nan a ƙasa.

Da ya kai tebur ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyalle a ƙulle, ya kwance. Haƙorin ne da zobensa. Har mai ya shafa musu don kada su yi tsatsa.

Na ce, "Baba..."

Mai Sawu ya yi magana a hankali, kansa a ƙasa. "Sawun bai fara zuwa tebur ba. Akori-kura ya fara zuwa. Ƙurar da ke kan kulocinta ta goge, amma ta ƙarƙashinsa tana nan, ba a kai shi ƙasa ba. Ɓarawo ba ya tsayawa gwada ƙafa."

Baba ya ce, "Na taka, na sake takawa, na sa hannu na danna gwiwar. Ta ƙi." Ya dubi Bakanike. "Ni na karya giyar. A kan hanya ƙafar ta mutu mini, ina tsakiyar motoci, na yi ta turawa har na ji ta fashe. Ni, Giya Biyar." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Da aka ce ba a samun kayanta, har hamdala na yi. Muddin tana kwance, ita ce mara lafiya, ni ina jiranta ne kawai. Ban san yarinyar nan za ta tone duniya ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Da asibiti na kai ka, ba juji na tafi ba!"

"Kina shigowa da murna kina ce mini an ga wani a wuri kaza. Ta ina zan fara?"

Ba wanda ya iya kallon wani. Shugaba ya cire hula ya mayar. Dillali, da bakinsa ba ya rufuwa, ya sulale ya tafi. Na durƙusa a gaban Bakanike na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, amma ba ni yake kallo ba, ƙafar Maigidansa yake kallo yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da na waiwaya neman Mai Sawu, har ya kai bakin titi, kansa a sunkuye.

*

Mun kai Baba asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi tun tuni, da an zo da wuri da an yi wani abu, yanzu sai dai a lallaba. Ya tambaya me ya hana mu zuwa. Ni da Yaya muka dubi juna.

Baba bai sake fitowa ƙofar gida ba. Labari ya zaga, masu wucewa da suke ɗaga masa hannu suna cewa "Giya Biyar, yaushe za a tashi?" suka koma rage murya suna cewa "Sannu, Baba, ya jiki?" Kwana kaɗan ya jure, sannan ya sa aka mayar da kujerar ɗaki.

Bakanike ya haɗa giyabos ɗin, ban sa shi ba, ban hana shi ba. Wata yamma ina tsakar gida na ji Mai Fito tun daga kan kwana. Giya ta ɗaya, ta biyu, sannan ta uku ta shiga sumul, siririn fiton nan ya taso ya cika layinmu. Yara suka bi ta da gudu. Abin da na yi ta roƙon Allah in ji ke nan, na ji shi, kuma ban ji komai a raina ba sai nauyi.

Na shiga ɗakin Baba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya.

Na ce, "Baba, Mai Fito ta tashi."

Na leƙa in ga ko barci yake.

"Na ji ta," ya ce. "Ki gaya wa yaron nan ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci in yana tafiya, cinye shi yake yi."

Na tsaya ina jiran sauran maganar. A waje motar tana ta kiɗa a ƙofar gida, Bakanike yana jira a fito.

Baba ya ja mayafi ya rufe ƙafafunsa ya ce, "Jawo mini ƙofar, Auta."